Rawar Kashe Kunama

Ba zan taɓa mantawa da bikin Ayuba ba, kuma ko na so in manta, mutanen Fadan Kaje ba za su bar ni ba. Har yau in na je gida sai na gamu da tsohon da zai dube ni tun daga kai, ya sauko a hankali, ya tsaya a kan takalmina, ya ce, "A'a, yau ka zo da su a ƙafa?" Sai in yi dariyar dole in wuce. To tunda zancen ya ƙi mutuwa, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Bari in fara da gaskiya mai ɗaci: tun ina yaro ban iya rawa ba. A wajenmu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu mutane ne da in an haihu a yi rawa, in za a kai baikon godiya gaban majami'a a yi rawa, in an binne tsohon da ya ga jikoki ma a yi rawa. Yaron da bai gama koyon tafiya ba za ka gan shi yana karya kafaɗa. Ni kuwa in an buga ganga sai jikina ya zauna shawara, kafin ƙafa ta yanke hukunci kiɗa ya yi gaba. Gwaggona, Mama Saratu, shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu, ita ta raɗa mini suna Gungume. Sunan ya biyo ni har Kafanchan (ban biya masa kuɗin mota ba, da ƙafarsa ya zo).

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ina koyon gyaran rediyo da talabijin a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Jikin shagonmu akwai gidan gem na Sama'ila. Shi Sama'ila jikan tsofaffin 'yan kasuwar garin ne. Kakansa goro ya sayar, babansa atamfa, shi kuma ya jera talabijin a ɗaki, yara suna zama suna dambe da tseren mota da manyan yatsunsu. Wata rana yayansa, wanda yake sauko da kaya daga Legas, ya kawo masa wani kwali. Sama'ila ya leƙo shagonmu ya ce, "Gungume, zo ka ga ikon Allah. An kawo mini tabarma mai waya."

Na je. Tabarma ce ta roba, faɗinta bai wuce buhun da aka farke ba. An zana mata kibiyoyi huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Waya ta fito daga bakinta ta shiga na'ura, na'ura ta shiga talabijin. Da muka kunna sai kiɗa ya tashi, wani irin kiɗa mai sauri da muryoyin mata sirara a harshen da babu wanda ya sani a cikinmu. Kibiyoyi suka fara tasowa daga ƙasan allon talabijin suna hawa sama. Mun daɗe muna kallo kamar ƙauyawa kafin mu gane cewa in kibiya ta kai sama, sai ka taka irinta a tabarma. In ka taka daidai, wata murya ta yabe ka da Turanci. In ka kuskure ta yi maka ihu, in ka yawaita kuskure ta kashe kiɗan ta bar ka tsaye da kunyarka.

Ni abin da ya fara kama ni ba rawar ba ce. Tambaya ce. Ta yaya tabarma ta san na taka ta? Ta yaya ta san na makara? Na dami Sama'ila har ya bar ni na farke gefenta da reza (ya tsaya a kaina yana salati, kamar ana yi wa ɗansa tiyata). Me na gani a ciki? Falle biyu masu siririn ƙarfe da ɗan soso a tsakaninsu. In ka taka, su haɗu. Shi ke nan! Ba aljani, ba komai. Na ɗinke ta na mayar, amma mamakina ƙaruwa ya yi. Wato wani mutum a can wata ƙasa ya zauna ya yayyanka rawa gunduwa-gunduwa, ya mai da ita abin da ido zai iya karantawa. Na ce a raina, in dai rawa karatu ce, to ai ni ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Kafin wata ya ƙare, garin ya ɗauka. Gidan gem da a da sai yara maza masu warin rana, yanzu har 'yan mata ɗaliban kwaleji suna layi. 'Yan acaɓa suna ajiye babur su shigo su yi waƙa ɗaya su fita suna haki. Na ga ɗan sanda da idona ya tuɓe takalmin but ɗinsa ya hau, na'ura ta yi masa ihu, babu wanda ya isa ya yi dariya sai da ya sha kwana. Dokar Sama'ila ɗaya ce, kuma ba ya ɗaga ta ga kowa: ba a hawa da takalmi. Masu dambe da tseren mota suka koma 'yan kallo. Yara suka sa wa waƙoƙin nasu kalmomi na Hausa, waɗanda ba zan iya maimaitawa a nan ba saboda ni yanzu dattijon ikilisiya ne.

Da yake ni ne likitan tabarma (kullum sai waya ta tsinke), ina hawa kyauta in an tashi kasuwa. Kun san me ya faru? Gungume ya iya. Wallahi na iya! Tabarma ba ruwanta da kafaɗarka, ba ruwanta da fuskarka, ba ta san an taɓa yi maka dariya a bikin Kirsimeti ba. Ita dai ka taka a kan lokaci. Na gano kuma in na miƙa hannu baya na kama majinginar bencin da ke bayana, ƙafafuna sun fi sauri. Haka na saba: ƙafa ba takalmi, ido ƙyam a gaba, hannu a baya, jiki a wuri ɗaya. Ranar da na gama waƙar da ta gagari kowa, aka ɗaga ni sama har kaina ya bugi fanka. A rayuwata ba a taɓa tafa mini don na motsa jiki ba sai ranar. Na koma ɗaki na yi ƙwalla, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu sai in kawo muku Rifkatu, don ita ce dalilin komai.

Rifkatu tana cikin mawaƙan majami'armu a Fadan Kaje. Na daɗe ina sonta, tana sane, ina sane tana sane, amma zancen ya ƙi wuce gaisuwa. Dalili kuwa wata magana ce da ta taɓa yi a gaban ƙawayenta, ina jin ta da kunnena: "Ni ba zan auri mutumin da zan ja shi kamar akuya ranar bikina ba." Ba ta ambaci suna ba. Ba ta buƙatar ambata, don duk suka juyo suka dube ni.

Sai ga bikin Ayuba, ɗan ƙanin babana, an sa shi bayan an haƙe citta. Rifkatu ce babbar ƙawar amarya. Al'adarmu kuwa, in an fito daga majami'a an zo filin liyafa, babban abokin ango da babbar ƙawar amarya su ne a kan gaba. Su za su ja layi da rawa tun daga bakin fili har rumfar ango da amarya, kowa yana biye da takunsu. Ni ya kamata in zama babban abokin Ayuba, tare muka yi kiwon awaki. Amma ya zo Kafanchan yana ta sosa ƙeya.

"Ɗan'uwa, ba don komai ba," ya ce, "ka san maganar rawan nan..."

Na kama hannunsa na kai shi gidan Sama'ila. Na tuɓe takalmi, na zaɓi waƙa mafi wuya, na zuba masa ita tas. Ayuba ya riƙe baki.

"Yesu na! Kai ne kuwa?"

"Je ka gaya musu ni ne babban aboki," na ce masa. "Ka gaya wa Mama Saratu ta ɗaure gangarta da kyau. Ka gaya wa Sista Rifkatu ta sha ruwa ta ƙoshi, don za ta yi gumi."

(Ya kai saƙon. Kalma ɗaya bai rage ba, har da ƙari.)

Sama'ila ne kaɗai ya ja ni gefe. Ya ce, "Gungume, ka taɓa gwada abin nan da ganga ta gaske?" Na ce kiɗa ai kiɗa ne. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Yadda ya faɗe ta ya kamata in tsaya in yi tunani, amma lokacin kaina ya riga ya fi hulata girma.

Ranar biki filin makarantar firamare ya cika. Labari ya zaga cewa Gungume ya je birni ya koyo rawar Turawa a wajen inji, don haka har waɗanda ba a gayyata ba sun zo ganin ido. Matan zumunta sun jeru da ankonsu, masu buga tulu sun zauna sun rungume tulunansu, masu kacau-kacau a tsaye, Mama Saratu a gaba da ganga. Mai ɗaukar bidiyo ya saɓa kyamararsa a kafaɗa. Ina sanye da kwat na aro da takalmi mai tsini. Rifkatu tana damana, ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Na sha ruwan, Malam. Bisimilla."

Aka buga. Tulu ya yi gum, ganga ta amsa, mata suka rangaɗa guɗa.

Abu na farko da na yi, ban san na yi shi ba sai daga baya. Na sa ƙafa na tuɓe takalmi ɗaya, na tuɓe ɗayan, na jera su gefe da ladabi. Sabo turken wawa. Jama'a suka ɗauka alamar gwaninta ce, fili ya ɗauki ihu: "Ya cire takalmi! Yau akwai magana!"

Na ɗaga kai in nemi kibiyoyi. Babu. Sai bishiyar mangwaro da kan wani fasto. Amma kiɗan yana shiga kunnena, sai na ce bari in zana kibiyoyin da kaina a jikin mangwaron nan. Na kafa masa ido, na fara. Gaba, baya, hagu, hagu, dama, tsalle, ƙafa biyu a buɗe. Ƙafafuna suka kama aiki kamar keken ɗinki. A raina ina cewa, yau Mama Saratu za ta janye sunan nan a gaban kowa.

Abin da ban taɓa lura da shi ba duk watannin nan shi ne, a kan tabarma ba a zuwa ko'ina. Duk inda ka taka, tsakiya kake dawowa. Rawar biki kuwa tafiya ce. Rifkatu ta yi gaba da ɗan takunta mai kyau, tana karya kafaɗa, har ta yi nisa kafin ta ji babu kowa a gefenta. Ni ina nan inda aka ajiye ni. A bayana ango ya tsaya, amarya ta tsaya, 'yan rakiya suka taru a bayansu, na baya suna turo na gaba. Layin biki gaba ɗaya ya cushe a bakin fili saboda mutum ɗaya yana tattaka wuri ɗaya, fuska a murtuke, ido a kan mangwaro.

Ana cikin haka sai Baba Dogo, kakan amarya, tsohon soja ne, ya fassara abin yadda ya ga ya fi kama da hankali. Mutum ba takalmi, yana tsalle yana dukan ƙasa hagu da dama, ba ya dariya. Ya miƙe da sandarsa ya kwatsa murya:

"Kunama! Kunama ya shiga wurin! Ku janye yara!"

Jama'a, kun taɓa ganin matan zumunta suna gudu da tulu a hannu? Ni na gani. 'Yan matan amarya suka tattare riguna suka watse. Baba Dogo ya iso yana dukan ƙasa kusa da yatsuna yana cewa, "Ina shi? Ka taka shi? Taka shi kuma, yarona!" Ni kuma don in kauce wa sanda sai na ƙara sauri, ƙarin saurin ya sa na fara tangaɗi, tangaɗin ya sa hannuna ya yi abin da ya saba. Ya tafi baya neman bencin Sama'ila.

Ya sami wani abu mai laushi, ya riƙe gam. Mayafin amarya ne. Na zauna daɓas a ƙasa, farin mayafi da furanninsa suka sauko suka rufe mini kai.

Kiɗa ya tsaya. A cikin shirun nan, ta cikin ragar mayafi, ina ganin duniya fari-fari, na roƙi Ubangiji da zuciya ɗaya ya tsaga ƙasar Fadan Kaje in shige. Bai tsaga ba. Sai muryar Mama Saratu na ji: "Babu kunama, Baba. Rawa ne. Wai rawa ne yake yi." Dariyar da ta biyo baya, ina jin har Zangon Kataf an ji ta. Amarya kanta, da na zaci kuka za ta yi, ta durƙusa tana riƙe da ciki.

Na san na rasa Rifkatu. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, fiye da dariyar. Ina zaune ina tunanin ta wace hanya zan bi in kai bakin titi ba tare da na haɗa ido da ita ba, sai na ga ƙafafunta a gabana. Ta cire mayafin daga kaina, ta karkaɗe shi, ta mayar wa amarya. Ta ɗauki takalmana ta rataya a yatsu biyu. Sannan ta kama wuyan hannuna ta ce wa Mama Saratu, "Mama, a buga." Aka buga. Ta ja ni.

E, kamar akuya. Tun daga bakin fili har rumfa, tana rawa da hannu ɗaya, tana jan babban abokin ango da ɗayan. A tsakiyar hanya, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Bar kallon bishiya. Kalli kafaɗata." Na kalla. Ban ce na yi rawa ba, amma dai na isa rumfa.

Kaset ɗin bikin ya riga ni komawa Kafanchan. Sama'ila ya sa shi a talabijin ɗin nan da ta saba yabona, ana ta mayar da shi baya ana sake kallo. Da farko na ƙaurace wa shagon. Daga baya son sani ya fi ƙarfin kunya, na je na zauna na kalla da idon mai gyara, ina so in gano inda waya ta tsinke. Abin mamaki, ban kuskure bugu ko ɗaya ba. Duk inda tulu ya faɗi, ƙafata tana wurin. Da na'ura ce alƙali a ranar, da ta ba ni maki cikakke. Na kai wa Mama Saratu wannan hujja da murnata. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Ɗana, ƙafarka yana tare da ganga, gaskiya ne. Kai ne ba ka tare da mu."

Ita kuwa tabarma ba ta yi tsawon rai ba. Yadda ta zo da guguwa haka ta tafi shiru. Aka gaji da waƙoƙin, sababbin da ake kawowa kuma duk kamar tsofaffin. Wasu shaguna biyu suka sayo irinta mai araha, kowa ya ƙoshi. Kibiyar hagu ta mutu, na gyara, ta sake mutuwa. Ga rashin wuta, ga maƙwabta suna ƙorafin dirin ƙafa. Da wasan ƙwallo ya shigo na'ura, yara suka koma benci suka zauna, manyan yatsu suka karɓi mulkinsu. Ganina na ƙarshe da ita a bayan gidan su Sama'ila ne, mahaifiyarsa ta shanya barkono a kanta. Ta ce ba ta taɓa samun abin shanya mai kyau irinta ba. Na tsaya na daɗe ina kallon kibiyar gaba tana leƙowa ta ƙarƙashin barkono, kuma na ji ba daɗi, don ita ce ta fara gaya mini cewa jikina ba gungume ba ne.

Amma ba ta tafi duka ba. A bukukuwan wajenmu har yanzu, in kiɗa ya yi zafi, sai ka ga samari sun tsaya wuri ɗaya, sun murtuke fuska, suna taka gaba, baya, hagu, dama, wani yana ihu, "Kunama! Kunama!" Kashe kunama suke ce mata. Na taɓa tambayar wani yaro inda ta samo asali, ya ce mini rawar kakanni ce, tun zamanin yaƙi. Na ce masa haka ne, ya riƙe al'ada da kyau.

Kwanan baya autarmu tana zaune tana ta dannan waya da yatsu biyu, kiɗa yana tashi. Na leƙa. Wasu 'yan alamu ne suke gangarowa, tana taɓa su daidai da bugu. Gabana ya faɗi kamar na ga tsohuwar budurwa a kasuwa. Ashe jikokin tabarma suna nan, sun dai ƙaura daga ƙafa zuwa yatsa. Na ce, "Kawo in gwada." Daga kicin uwarta ta ɗaga murya: "Kar ki ba shi! Yanzu zai cire takalmi."

Uwar tata Rifkatu ce. Ranar bikinmu ma ita ta ja ni, a gaban ƙawayen nan nata da suka ji ta da kunnensu. Na taɓa tuna mata maganar akuya, ta ce ai ba ta ce ba za ta ja ba in akuyar tana bin igiya.

Darasin da na koya bai da yawa. In inji ya ce maka ka iya, ka gode masa, amma ka je gwaggonka ta duba kafin ka aika wa mutane su sha ruwa. In kuma aka sa ka a gaban layi, ko ba ka iya komai ba, don Allah ka matsa gaba. Akwai amarya a bayanka.